Tambayoyi da amsoshi: yadda sabar za ta tayar da ayyukanta da kanta bayan an dawo da wuta

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi zuwa mini daga masu kula da kwamfutoci a nan Katsina: ɗaliban da ke aikin kammala karatu, masu riƙe da cibiyoyin jarrabawar kwamfuta, da samarin da aka damƙa wa sabar makaranta ko ta kantin magani, wato kwamfutar da ke riƙe da manhaja da bayanai don sauran kwamfutoci su yi aiki da su. Yawancin amsoshin na Ubuntu da Debian ne, nau'o'in Linux guda biyu, tunda su aka fi ɗorawa a wajenmu. Masu Windows ma akwai rabonsu a ƙasa.

Malam, sabar ta tashi, fitila na ci, fanka na juyawa, amma manhajarmu ta ƙi buɗewa. Me ya faru?

Tashin kwamfuta daban, tashin ayyukan da ke cikinta daban. Manhajar da ma'aikata ke buɗewa a burauza tana tsaye ne a kan wasu manhajoji da ke aiki a bayan fage: mai karɓar baƙi irin su nginx ko Apache, rumbun bayanai irin su MySQL ko PostgreSQL, sai ita manhajar taku. Kowanne daga cikinsu sabis ne, kuma kowanne sai an rubuta a wani wuri cewa a tayar da shi duk lokacin da aka kunna sabar.

Abin da ya fi faruwa shi ne wanda ya girka manhajar ya buɗe taminal, wato allon rubuta umarni, ya tayar da ita da hannu, ya ga tana aiki, ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Tana iya yin wata guda lafiya lau. Ranar da batirin inbata ya ƙare da tsakar dare, da safe sai a tarar da kwamfuta a kunne, manhaja kuwa babu ita.

Wa ke da alhakin tayar da su?

Manhajar farko da ke tashi bayan ƙwayar Linux ta hau, wadda ke riƙe da lamba 1 a jerin ayyukan kwamfuta. A yawancin Linux na yau systemd ne. Lennart Poettering na kamfanin Red Hat da Kay Sievers suka fito da shi a 2010. Fedora ta koma kansa a 2011, CentOS 7 a 2014, Debian 8 da Ubuntu 15.04 a 2015. Kafin nan Ubuntu da Upstart take aiki, wasu kuma da tsohon tsarin SysV.

Wannan tarihin yana da amfani ta fuska ɗaya. Idan ka ci karo da bayani a intanet yana cewa ka yi `chkconfig` ko ka rubuta fayil a `/etc/init`, to na tsohon zamani ne. Don ka san abin da ke gabanka, rubuta `ps -p 1 -o comm=`. Idan amsar ta fito systemd, duk abin da ke wannan shafin ya shafe ka. Alpine da OpenRC yake aiki, umarninsa `rc-update add suna default` (duk inda ka ga `suna` a cikin umarni, sunan sabis ɗin za ka sa). FreeBSD kuma a `/etc/rc.conf` ake rubutawa.

Mene ne bambancin `start` da `enable`?

Rabin kiran da ake yi mini da sassafe daga nan yake fitowa. `systemctl start nginx` yana tayar da sabis ɗin yanzu, yau kaɗai. `systemctl enable nginx` ba ya tayar da komai yanzu, yana sa sunansa ne a jerin waɗanda za a tayar a kowane kunnawa. Kamar ka tashi yaro sallar asuba da hannunka ne yau, da kuma ka saita masa ƙararrawar da za ta riƙa tashinsa kullum. Idan kana son duka biyun a lokaci ɗaya: `sudo systemctl enable --now nginx`.

Babu wani sirri a cikin `enable`. Ɗan mahaɗi yake ƙirƙira a foldar `/etc/systemd/system/multi-user.target.wants/` mai nuni zuwa fayil ɗin sabis ɗin. Kana iya leƙa foldar ka ga sunayen da idonka. Kafin ka bar kowace sabar, tambaye ta: `systemctl is-enabled suna`. Kada koren rubutun da `status` ke nunawa ya ruɗe ka, domin halin yanzu kawai yake faɗa.

Ni ban taɓa yin `enable` ba, kuma nginx yana tashi da kansa. Ta yaya?

Al'adar Debian da Ubuntu ke nan: da zarar ka girka sabis ta `apt`, umarninsu na girka manhaja, su ne ke tayar da shi su kuma sa shi a jeri. Dangin Red Hat, wato Fedora, Rocky da AlmaLinux, yawanci ba sa yin haka, sai ka nema da kanka. Wanda ya saba da Ubuntu ya kama hayar sabar mai Rocky, nan yake fara tuntuɓe.

Manhajar ni na rubuta ta da Python. Ta ina zan shigar da ita?

Rubuta mata fayil ɗinta. A ce manhajar rajistar ɗalibai ce tana zaune a `/opt/rajista`. Buɗe `/etc/systemd/system/rajista.service` ka sa wannan:

```
[Unit]
Description=Manhajar rajistar dalibai
Wants=network-online.target
After=network-online.target postgresql.service

[Service]
User=rajista
WorkingDirectory=/opt/rajista
EnvironmentFile=/etc/rajista.env
ExecStart=/opt/rajista/venv/bin/python /opt/rajista/app.py
Restart=on-failure
RestartSec=5

[Install]
WantedBy=multi-user.target
```

Daga nan `sudo systemctl daemon-reload`, sai `sudo systemctl enable --now rajista`. Duk lokacin da ka taɓa fayil ɗin nan sai ka maimaita `daemon-reload`, in ba haka ba systemd da tsohon rubutun zai ci gaba.

Layin `User=` ina roƙonka kada ka tsallake shi. Idan babu shi, manhajar za ta yi aiki da cikakken ikon `root`, mai amfanin da ke da iko a kan komai, ke nan duk wanda ya samu kafa a cikinta ya samu sabar gaba ɗaya, har da bayanan yaran mutane. Ƙirƙiri mai amfani na musamman da `sudo useradd -r rajista`, ka ba shi ikon foldar da yake buƙata kawai. Kalmomin sirri kuma su zauna a `/etc/rajista.env`, ka kulle shi da `chmod 600`, domin fayil ɗin sabis kowa da ke cikin sabar yana iya karanta shi.

Kada ka sa `nohup` ko alamar `&` a layin `ExecStart`. Shi systemd so yake manhajar ta tsaya a gabansa yana kallonta. Idan ta ɓuya, zai ɗauka ta gama aiki ne. Sashen `[Install]` kuwa, idan ka manta da shi, `enable` ba zai sami inda zai rataye sabis ɗin ba, zai kuma gaya maka haka a dogon saƙon da mutane da yawa ba sa tsayawa karantawa.

Idan fayil ɗin wanda `apt` ya kawo ne kake son gyarawa, kada ka taɓa shi a `/lib/systemd/system`, domin sabuntawa ta gaba za ta shafe gyaran. Yi `sudo systemctl edit suna`, gyaranka zai zauna a gefe.

Idan na tayar da ita da hannu tana aiki, a ƙarƙashin systemd kuma ta ƙi. Laifin waye?

Lokacin da ka shiga taminal, akwai abubuwan da ke biye da kai ba ka sani ba: foldar da kake tsaye a ciki, abin da ke cikin `.bashrc`, da jerin wuraren da ake neman umarni. Sabis ba ya gadon ko ɗaya. Shi ya sa a misalin sama aka rubuta cikakken adireshin python na cikin `venv`. Masu Node da suka girka ta `nvm` sun fi kowa shan wannan wahalar, saboda `node` ɗinsu a cikin foldar gidansu yake. Rubuta `which node`, ka kwafi adireshin da ya fito dungurungum.

Kada ka tsaya hasashe, karanta abin da sabar ta rubuta. `systemctl status rajista` zai ba ka taƙaitawa, `journalctl -u rajista -b` kuma ya ba ka duk abin da ya faru tun daga wannan kunnawar. Akwai lambobi uku da ya kamata ka haddace. `203/EXEC` na nufin ba a sami fayil ɗin da za a tayar ba, ko ba shi da izinin aiki, ko layin `#!` na samansa ya lalace. `200/CHDIR` na nufin foldar da ka sa a `WorkingDirectory` babu ita ko ba a iya shiga. `217/USER` kuwa mai amfanin da ka ambata ne babu shi. Akwai kuma wata da ke kama ɗalibai: fayil ɗin da aka rubuta a Windows aka kwaso a filasha yakan zo da ƙarshen layi irin na Windows, Linux kuma ya kasa gane layin farko. `dos2unix` yana gyara shi cikin daƙiƙa.

Idan abin da kake nema ya faru ne kafin wuta ta ɗauke, `journalctl -b -1` ke nuna kunnawar da ta gabata. Sai dai yana buƙatar foldar `/var/log/journal` ta kasance, in ba haka ba rajistar tana tafiya tare da wutar.

Bayan an dawo da wuta manhajar takan mutu, amma da na yi `restart` sai ta miƙe. Me ke jawo haka?

Rige-rige ne. Systemd yana tayar da ayyuka da yawa a tare don ya gama da wuri, sai manhajarka ta riga rumbun bayanai ko netwok shiryawa, ta nemi haɗi ta rasa, ta faɗi. Kafin ka iso komai ya daidaita, shi ya sa `restart` ke aiki.

`After=` jeri kawai yake tsarawa, wato in za a tayar da mu tare, a fara da wancan. Ba ya tayar da wancan ɗin. `Wants=` shi ke jawo shi, amma bai ce a jira shi ba. Don haka ake haɗa su biyun. `Requires=` ya fi tsauri, idan aka tsayar da wancan kai ma za a tsayar da kai. Sannan `network.target` bai tabbatar da cewa sabar ta sami adireshi ba, `network-online.target` ne ke jiran hakan.

A wajenmu akwai ƙari. Wuta ɗaya ce ke dawowa ga sabar da rauta da suwic, kuma sabar mai faifan SSD takan riga rauta farkawa, balle na'urar intanet mai layin waya da sai ta laluba sabis. Saboda haka ka ba sabar adireshi tsayayye maimakon ta jira rauta ta raba mata. Ka kuma kula da `RestartSec`. Idan ba ka rubuta shi ba, systemd yana sake gwadawa bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, kuma ƙa'idarsa ita ce idan sabis ya tashi sau 5 cikin daƙiƙa 10, ya daina gwadawa. Ke nan cikin ƙiftawar ido manhajar ta cinye damarta, rauta ko fitilarta ta biyu ba ta kama ba. Da `RestartSec=5` ba za ta taɓa cika wannan adadin ba, za ta yi ta gwadawa har hanya ta buɗe. A ganina wannan layin guda ya fi duk wani `sleep 30` da ake cusawa a farkon fayil amfani.

Duk na yi wannan, amma idan wuta ta dawo sai wani ya je ya danna maɓalli.

Wannan ya wuce hurumin Linux, a BIOS yake, wato saitin da ke cikin allon kwamfutar kanta, wanda ke aiki kafin Linux ya hau. Shiga da F2, F10 ko Del lokacin kunnawa, ka nemi sashen wuta. Kowane kamfani da sunan da yake ba wa abin: `AC Recovery` a Dell, `After Power Loss` a HP, `Restore on AC Power Loss` a wasu. Zaɓi `Power On`. Kada ka zaɓi `Last State`, domin idan sabar ta kashe kanta cikin tsari kafin batir ya ƙare, halinta na ƙarshe a kashe ne, kuma haka za ta zauna.

Yawancin sabar ƙananan ofisoshinmu tsofaffin kwamfutocin tebur ne na gwanjo. Buɗe murfin gefe, ka busa ƙurar hunturun da ta taru, za ka ga ɗan batir mai kamar kwabo a kwance kan allon, an rubuta CR2032 a bayansa. Shi ke riƙe saitin BIOS da agogo idan babu wuta. Idan ya mutu, saitin da ka yi zai iya gogewa, agogo ya koma shekarun baya, wasu kwamfutocin ma su tsaya suna jiran a danna F1. Agogon da ya ɓace kuma yana sa haɗin HTTPS ya ƙi, saboda takardar shaidar tsaro kwanan wata take dubawa. Canja shi tun ranar da aka sayo kwamfutar.

Mai UPS da ke magana da sabar ta kebul, ta manhajar NUT ko apcupsd, yana da tarko ɗaya. Sabar ta ga batir ya yi ƙasa ta kashe kanta, sai wuta ta dawo kafin UPS ɗin ya mutu. A wajen BIOS wuta ba ta taɓa yankewa ba, don haka ba zai kunna ba. Manhajojin biyu suna iya umartar UPS ya yanke wutarsa bayan sabar ta sauka, ya maido in ta dawo. Saita hakan, ka kuma gwada.

Sabar ta tsaya a baƙin allo tana ƙirga minti ɗaya da rabi, daga nan ta nemi kalmar sirrin `root`.

Duba `/etc/fstab`. Akwai faifan da aka rubuta a ciki wanda ba a gani ba, sau da yawa na USB ne da ake kwafar ajiya a kai, wani ya zare ya tafi da shi gida. Systemd yana jiransa daƙiƙa 90, in bai zo ba ya faɗa yanayin gaggawa, inda ko SSH, hanyar shiga sabar daga nesa, ba ya tashi. Idan sabar a Daura take kai kana Ƙofar Ƙaura, sai dai ka nemi mota.

Duk faifan da sabar za ta iya rayuwa ba shi, ƙara masa `nofail`. Ambaci faifai da lambar UUID da `blkid` ke bayarwa, domin suna irin `/dev/sdb1` yana canjawa. Idan manhajarka a kan wannan faifan take ajiya, sa mata `RequiresMountsFor=/mnt/ajiya` a sashen `[Unit]`, kada ta tashi ta yi ta zuba bayanai a folda fanko. Bayan kowane gyara yi `sudo findmnt --verify` kafin ka sake kunnawa. Faifan da aka kulle da LUKS ma zai tsaya neman kalmar sirri, don haka ka yanke shawara tun wajen girkawa ko akwai mai shigar da ita kullum.

Ba zai fi sauƙi in sa `@reboot` a crontab ko in yi amfani da `rc.local` ba?

Suna aiki, kuma ga ɗan umarnin da za a yi sau ɗaya a wuce, ba laifi. Ga manhajar da mutane suka dogara da ita ban yarda da su ba. Idan ta faɗi babu mai tayar da ita, ba ka da `status`, ba ka da tabbacin rumbun bayanai ya riga ta. Wanda zai gaje ka kuma sai ya sha wuya kafin ya gano inda ka ɓoye ta.

Docker da pm2 fa?

Docker, mai gudanar da kowace manhaja a cikin kwantenarta, matakai biyu ne. Shi kansa ya zama `enabled`, sannan kowace kwantena ta sami ƙa'idar tashi: `docker update --restart unless-stopped suna`, ko `restart: unless-stopped` a fayil ɗin compose. Bambancinsa da `always` shi ne kwantenar da ka tsayar da gangan ba za ta dawo bayan kunnawa ba. A pm2, mai kula da manhajojin Node, `pm2 startup` zai fitar maka da wani umarni da sai ka kwafa ka yi da `sudo`, sannan `pm2 save`. Duk manhajar da ka ƙara daga baya sai ka sake `save`.

Mu Windows muke da shi, da XAMPP.

Foldar Startup ba ta isa ba, abin da ke cikinta sai wani ya shiga da kalmar sirri yake tashi. Buɗe allon XAMPP, kunshin da ke ɗauke da Apache da MySQL, da ikon shugaba (administrator), ka danna jan akwatin da ke gefen Apache da MySQL don su zama sabis. Sannan a `services.msc` ka tabbatar suna kan `Automatic`. Wanda ke buƙatar netwok ka sa shi `Automatic (Delayed Start)`, zai jira kimanin minti 2. A shafin `Recovery` ka ce a sake tayar da shi idan ya faɗi. Manhajar da ba sabis ba ce, Task Scheduler yana iya tayar da ita a kunnawa idan ka zaɓi ta yi aiki ko ba wanda ya shiga, ko ka naɗe ta da NSSM.

To in yi `enable` ga komai kawai in huta?

A'a. Kowane sabis yana cin ƙwaƙwalwa, wasu kuma ƙofa suke buɗewa ga waje. `systemctl list-unit-files --state=enabled` zai nuna jerin, `sudo ss -tlnp` ya nuna masu sauraro. Rumbun bayanan da manhaja ɗaya ke amfani da shi a cikin sabar, a `127.0.0.1` kaɗai ya kamata ya saurara. Wanda ba ka buƙata ka yi masa `disable`, amma wanda ba ka san aikinsa ba ka bincika tukuna. Idan tashi na jan lokaci, `systemd-analyze critical-chain` zai nuna wanda ake jira.

Ta yaya zan tabbatar aikin ya yi?

Da gwaji a gabanka, ranar da babu jarrabawa kuma babu layin masu saye. Fara kwafar ajiyar bayanai zuwa wani wuri. Yi `sudo reboot`, ka ɗauke hannunka daga kibod, ka buɗe manhajar daga wayarka ko kwamfutar ofishin gaba. Idan ta buɗe, duba `systemctl --failed` ka ga ko akwai wanda ya faɗi shiru.

Gwaji na biyu shi ne na ainihi. Kashe sabar da `sudo poweroff`, ka kashe soket ɗin da ke ba sabar da rauta da suwic wuta gaba ɗaya, ka jira minti guda, ka maido. Wannan zai gwada BIOS, batirin CR2032, da rige-rigen sabar da rauta a lokaci ɗaya, ba tare da ka yanke wa rumbun bayanai wuta yana tsakiyar rubutu ba. Maimaita shi da faifan USB a zare, sannan da kebul ɗin intanet a cire. A ƙarshe ka rubuta a takarda minti nawa ake jira kafin manhajar ta buɗe, ka manna a jikin kwamfutar, domin mai buɗe ofis da safe ya san lokacin da zai jira kafin ya danna wani abu ko ya kira ka.